Halal Da Haram A Cikin Ƙullin Leda

 Shirinmu na musamman na yau zai tsaya a kasuwar Tudun Wada da ke Zariya, gaban teburan masu kayan haɗin kek da zoɓo da yogot, inda mata masu sana'ar cikin gida ke sayayya. Ga garin kala ja da ruwan ɗorawa an ƙulla a farar leda, ga filebo an ɗura a ƙananan kwalabe, ga garin da ke sa yogot kauri ana aunawa da cokali. Buhun da aka ɗebo su yana wurin babban dila, kuma takardar da ke bayyana abin da aka haɗa su da shi tana jikin buhun. Matar da ta saya ba ta da hanyar sanin asalin abin da za ta zuba wa 'ya'yan mutane. Saboda haka nauyin tantance halaccin waɗannan kaya bai kamata ya hau kanta ba. Wurinsa yana can sama, inda kayan suke shigowa.

A da, sanin halal ba ya buƙatar ɗakin bincike. Abubuwan da aya ta 3 a Suratul Ma'ida ta haramta, irin su mushe da jini da naman alade, ido yana ganinsu, kuma kowa ya san mahaucin unguwarsu. Abincin masana'anta ne ya sauya lamarin. Ɗauki jelatin, sinadarin da ke sa alawa danƙo, wanda kuma ake yin kwanson wasu magunguna da shi. Daga fata da ƙashi ake tatso shi, wani na shanu, wani na kifi, kaso mai yawa a kasuwar duniya kuwa na alade. Ko lambar E471 da ake gani a bayan biskit: ana iya samar da sinadarin daga manja, ana iya samar da shi daga kitsen dabba, kuma lambar ɗaya ce. Wannan ya isa ya nuna raunin saƙonnin da ke yawo a WhatsApp, masu jero lambobi suna cewa duk alade ne. Sunan sinadari lambar take faɗa, ba ta faɗin daga inda ya fito. Lambar NAFDAC ma, hukumar da aka kafa a 1993, shaida ce ta rajista da ingancin kaya ga lafiya, ba fatawa ba ce.

Wani zai ce: to a bar duk abin da ake kokwanto mana, ai barin shubuha tsare addini ne. Gaskiya ne, kuma wanda ya zaɓi tsantseni a kan kansa ya yi abin yabo. Amma mutum ya hana kansa daban, ya shelanta wa jama'a cewa abu haramun ne daban. Suratun Nahli ta yi kashedi mai tsanani a kan halattawa da haramtawa ba da ilimi ba, kuma ƙa'idar malamai ita ce asalin abinci halal ne har sai hujja ta tabbata. A hadisin Nana A'isha da Bukhari ya ruwaito, an tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da naman da ba a san ko an ambaci sunan Allah wajen yanka shi ba, sai ya umarci masu tambayar su ambata da kansu su ci. Jita-jita kuwa tana da ɓarna ta zahiri: rana ɗaya za ta iya karya jarin bazawarar da ke ciyar da marayu da kuɗin yogot.

Wani kuma zai zo ta ɗaya ɓangaren ya ce babu abin damuwa, tunda akwai istihala, wato abu ya rikiɗe ya bar asalinsa, kamar yadda giya ke komawa khal ta tsarkaka. Nan ma maganar ba ta ƙare ba, domin malamai sun saɓa. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Amman a 1986, ta hana amfani da jelatin alade a abinci. Taron malamai da likitoci da aka yi a Kuwait a 1995 kuwa ya ga cewa rikiɗar ta cika, ya halatta. Tushen saɓanin tambaya ce ta kimiyya: shin sinadarin ya sauya sarai ko kuwa tsagewa kawai ya yi? Malami shi kaɗai ba zai amsa ta ba, masanin sinadarai shi kaɗai ba zai yanke hukunci ba.

Abin da ya faru a Indonesiya a farkon 2001 ya nuna yadda haɗuwar biyun ke aiki. Majalisar malaman ƙasar ta gano cewa a masana'antar Ajinomoto ta can an yi amfani da wani sinadari mai alaƙa da alade wajen renon ƙwayoyin da ake sarrafa farin magi da su. Aka janye kayan daga kasuwa, kamfanin ya sauya sinadarin, aka mayar masa da shaidar halal. Bincike a cikin masana'anta ne ya tono matsalar, shi ne kuma ya rufe ta, kuma hukuncin ya tsaya a kan masana'antar da aka bincika kaɗai.

Zariya tana da kayan aikin yin irin wannan. A Kongo, maƙwabciyar Tudun Wada, akwai Cibiyar Nazarin Shari'ar Musulunci ta Jami'ar Ahmadu Bello. A Basawa akwai cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa, a Shika akwai ta binciken dabbobi, a Samaru akwai ta fata da ƙirgi. Garin da ya tara waɗannan zai iya zaunar da malamai da masana a teburi ɗaya, har ma ya yi tunanin samar da jelatin daga fatun shanun da aka yanka da bisimilla a mayankunmu. Masu tsoron tsada suna da hujja idan aka ce kowace mai zoɓo sai ta nemi takarda. Amma masu shigo da kayan 'yan kaɗan ne, kuma tantance buhu ɗaya ya wadatar da ɗaruruwan ƙulli. Abin da ya rage wa ƙungiyar 'yan kasuwar Tudun Wada shi ne ta nemi takardar asalin kaya daga dilolinta, ta kuma sa kowane mai awo ya ajiye kwafinta tare da sunan kayan da lambar buhun, inda mai saye za ta iya gani.