Abin da Ke Sa Mutum Sata

Yara, kun taɓa ganin an kama ɓarawo a kasuwa? Nan da nan sai ihu ya tashi, kowa ya rugo da sanda. Amma da wuya a sami wanda zai tsaya ya tambayi abin da ya jefa shi cikin wannan hali.

Ba a haihuwar mutum da sata. Ku duba ƙasarmu, damina wata huɗu ce ko biyar. In an gama kaka, an zuba hatsi a rumbu, sai aikin gona ya ƙare, samari su kama hanyar birni, watau cin rani. Wani ya sami dako, wani ga-ruwa, wani yankan farce. Wani kuwa sai ya yini yana yawo a Kasuwar Kurmi ta Kano, bai sami ko na tuwo ba. Ba shi da sana'a, ba shi da masauki, ba kuma wanda ya san ubansa balle ya ji kunyarsa. To, a nan ne miyagun abokai ke samunsa. Yau su ba shi abinci, gobe su ce ya tsaya ya duba musu hanya, jibi ya zama nasu.

Kada dai ku ce talauci kaɗai ke kawo sata. Talakawa nawa ke kwana da yunwa ba su taɓa kayan kowa ba? Akwai kuma ɓarawo mai babbar riga, wanda ke sata da alƙalami a ofis. Shi kam kwaɗayi ne ya kai shi.

Gidan yari yakan tsare ɓarawo, amma in ya fito ba sana'a, sai ya koma ruwa. Aiki shi ne babban magani. Da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, sai manoman Kadawa da Kura suka sami noman rani, suna shuka shinkafa da alkama da tumatir. Saurayin da ke ban-ruwa tun asuba, ina ya ga lokacin bin 'yan iska?

Zakka ma tana taimako. Manomin da hatsinsa ya kai nisabi yakan fitar da dami ɗaya cikin goma na noman damina, ya ba mabukata. Maƙeri ko maɗinki kuwa, in ya ga ɗan maƙwabcinsa yana zaman banza, sai ya kira shi ya zaunar da shi kusa da ɗansa, ya koya musu tare.