Dafni mai ƙamshi: yadda ake renon shukar da ke ƙawata lambu amma take ɗauke da guba

A ƙarshen hunturu, lokacin da yawancin lambunan Japan da Ingila ke zama fayau babu fure, akwai wata 'yar bishiya da ake jin ƙamshinta tun kafin a hango ta. Sunanta na kimiyya Daphne odora. Asalinta ƙasar Sin ce, daga can ta bazu zuwa Japan da Koriya. Masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Peter Thunberg, ne ya raɗa mata wannan suna a 1784.

Nau'in da masu lambu suka fi nema shi ne Aureomarginata, mai koren ganye da siririn zane rawaya a gefensa. Ba ta kaɗe ganye, kuma tsayinta kan tsaya tsakanin mita 1 da 1.5. Furanninta kan fito cunkus a bakin reshe daga Fabrairu zuwa Maris, jaja-jaja ta waje, fari ta ciki.

Wahalar renonta tana ga saiwa. Idan ruwa ya kwanta a gindinta, saiwar kan ruɓe, shukar ta bushe cikin 'yan kwanaki. Don haka ake dasa ta a ƙasa mai takin ganye wadda ruwa ke tsanewa da wuri, a inda take samun hantsi, inuwa kuma ta kare ta daga zafin rana. Ana ban ruwa ne idan saman ƙasar ya sha iska.

Ba ta son ƙaura. Da zarar ta kama, tumɓuke ta zuwa wani wuri kan zama ajalinta. Ba a yi mata sassabe mai yawa, sai ɗan datse reshe bayan fure ya kaɗe. Ko da kulawa mai kyau, ba ta cika wuce shekara 10 ba, shi ya sa masu lambu ke yankan reshe da bazarar can su dasa, domin samun magajiya.

Babban abin lura shi ne guba. Ganyenta da ɓawonta da 'ya'yanta duk suna da dafi. Tauna su na jawo ƙunar baki da amai da gudawa, ruwan jikinta kuma na sa ƙaiƙayi da kumburin fata. Wajibi ne mai aikinta ya sa safar hannu, a kuma dasa ta nesa da wurin wasan yara da makiyayar dabbobi.