Ciwon Dajin Fata Ba Ya Jiran a Ɗage Dokar Kulle

A watan Maris na 2020, saboda annobar korona, ƙasar Aljeriya ta rufe iyakokinta, ta kuma tsayar da jiragen sama na cikin gida har zuwa Disamba. Garin Tamanrasset, inda 'yan'uwanmu da yawa suke zuwa neman abinci, yana da nisan kusan kilomita 2,000 daga babban birnin ƙasar. Wanda ciwonsa yake bukatar babban asibiti, sai dai ya zauna jira. A Kano ma an kafa dokar kulle a watan Afrilu. Wasu kuwa tsoron ɗaukar korona ne ya hana su ganin likita.

Me jira yake jawowa?

Dajin fata yakan fara ƙarami, sau da yawa ba zafi. A lokacin nan likita zai yi allurar kashe zafi, ya yanke wurin, ya ɗinke, ka koma gida ran nan. Naman da aka cire za a aika a gwada shi, don gwaji ne kaɗai yake tabbatar da ciwon. In aka bar shi watanni, sai ya ci ciki, ya kai ga ƙashi, ko ya yi kaluluwa a hammata ko matsematsi. Daga nan sai babbar tiyata, ko gashi da na'ura, wani lokaci har yanke ƙafa.

Wa ya fi kamuwa?

Zabiya ne a gaba, domin fatarsu ba ta tare zafin rana. Amma kada ka ce baƙar fata ta tsare ka. A wurinmu ciwon yakan fito a tafin ƙafa, ko ƙarƙashin farce, ko a tsohon tabon wuta.

Alamun da za ka lura da su

1. Gyambon da ya wuce wata ɗaya bai warke ba.
2. Baƙin tabo a tafin ƙafa ko tafin hannu da yake ƙara faɗi.
3. Tawadar Allah da ta canja launi ko girma, ko take zubar da jini.
4. Ga zabiya, wuri mai kaushi da ɓawo a fuska, kunne, leɓe ko wuya.

Abin da za ka yi in an rufe hanya

Je ka asibiti mafi kusa. Neman magani dalili ne na fita. Kada ka sa wa wurin toka ko ruwan batir, kada wanzami ya tsaga shi. Auna faɗinsa da zare, ka ɗauki hotonsa da waya kowane mako don ka nuna wa likita. In an ɗaga ranar aikinka, nemi a rubuta maka wata rana, ka riƙa tuntuɓa. Zabiya ya sa malafa da riga mai dogon hannu, ya guji ranar tsaka.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ka duba tafin ƙafarka yau, ka duba na tsofaffin gidanku.