Kifin da ake kamawa a mayar da shi ruwa



Ranar taronmu na mako, bayan an gama zubi an rufe akwati, wata daga cikinmu ta fiddo salula ta ce mu zo mu ga abin da ɗanta mai aiki a Amurka ya aiko mata. Muka taru a kanta. Bidiyo ne: wani bature da ƴarsa cikin ƙaramin jirgi, a tsakiyar ruwan da ba a hango gaɓarsa. Yarinyar tana riƙe da sandar fatsa, sandar ta lanƙwashe kamar za ta karye. Can sai ga kifi ya yi tsalle sama, ya nutse, ya sake tsalle. Da ƙyar suka jawo shi. Kifi ne kakkaura, zai yi kilo biyu. Uban ya cire ƙugiya, ya gwada tsawonsa, aka ɗauki hoto, sannan ya sunkuya ya sake shi cikin ruwa.

Wuri ya kaure. Wata uwarmu da ta daɗe tana sana'ar kifin banda ta riƙe haɓa ta ce, "Yau na ga ikon Allah. Miyar kwana biyu ce fa ya zubar!" Muka yi dariya har da hawaye. Amma bayan an watse abin ya tsaya mana a rai. Mutum ya sayi jirgi, ya sha mai, ya yini cikin rana, sannan ya mayar da abin da ya samu? Sai muka ce bari mu bi diddigi, kuma ga abin da muka samo.

Wane kifi ne?

Sunansa bas. Iri biyu ne suka fi suna, mai babban baki da mai ƙaramin baki, kuma na cikin bidiyon mai ƙaramin baki ne. Ana gane shi da cewa tsagar bakinsa ba ta wuce idonsa ba. Jikinsa ruwan ƙasa ne mai ƙyallin tagulla, da zane-zane masu duhu a gefe, idonsa kuma sau da yawa ja ne. Yawancin waɗanda ake kamawa tsakanin rabin kilo ne da kilo biyu. Mafi girma da aka taɓa rubutawa, wani mutum mai suna David Hayes ne ya kamo shi a watan Yuli na 1955, a tabkin Dale Hollow da ke iyakar jihohin Tenesi da Kentaki. Nauyinsa kilo 5 da giram ɗari huɗu, kuma har yau ba a kamo wanda ya fi shi ba.

Asalin gidansa gabashin Amurka ne da kudancin Kanada, musamman manyan tabkuna biyar da ke wajen iyakar ƙasashen biyu. Kada ku kwatanta su da tabkunanmu da ke ja da baya in rani ya yi. Waɗannan biyar ɗin suna riƙe da kusan kashi ɗaya cikin biyar na ruwan daɗi da ke saman ƙasa a duniya duka. Tabkin Iri, wanda ya yi suna wajen wannan kifi, tsawonsa ya kusa kilomita 390, wato ya fi tafiyar Maradi zuwa Damagaram nisa. Bas mai ƙaramin baki ba ya son laka da ruwa mai dauɗa. Inda ruwa yake garau, ƙasansa duwatsu da tsakuwa, nan yake zama.

In zafi ya zo, kifi ya sauka

Lokacin zafinsu shi ne Yuni, Yuli da Agusta, daidai lokacin da mu muke cikin damina. A lokacin sanyi saman tabkuna da yawa daskarewa yake yi, kifin ya lafe a ƙasa, da ƙyar yake cin abinci. In ruwa ya ɗumama sai ya farka da yunwa, shi ya sa watannin zafi ne kakar masu fatsa.

Amma ba ko'ina ake jefa ƙugiya a dace ba. Rana tana ɗumama saman tabki, ƙasa kuma ya zauna da sanyi, kamar yadda ruwan randa yake bambanta da na bokitin da aka bari a tsakar gida. Da hantsi ya yi, manyan kifin sai su bar bakin gaɓa su gangara inda zurfi ya kai mita shida zuwa goma, su raɓe jikin tudun duwatsun da ke ƙarƙashin ruwa. A nan abincinsu yake: ƙananan kifi, da wani ƙwaron ruwa ɗan'uwan jatan lande mai hannuwa biyu irin na kunama, wanda ke ɓuya a ƙarƙashin duwatsu. Da asuba da kuma gab da faɗuwar rana ne suke hawowa sama farauta.

Don haka mai fatsa yana da dabara biyu. Da sassafe yakan jefa wani ɗan kifin ƙarya na roba ko na itace wanda ke yawo a saman ruwa, yana fizgar shi a hankali kamar kifin da ya ji ciwo, har bas ya taso daga ƙasa ya kai masa cafka. In rana ta take kuwa, sai ya ɗaura darma a ƙarshen zare, ƙugiya kuma sama da ita da kamar kamu ɗaya, ya soka mata tanar roba. Darma ta zauna a kan dutse, tanar tana rawa a daidai bakin kifi. Masu hali suna da na'ura a jirgi mai nuna musu ƙasan ruwa a allo, duwatsu da kifin duka. Marasa hali suna amfani da tana ta gaske daga bakin gaɓa, kuma su ma suna samu.

Abin da ya sa suke son wannan kifi shi ne faɗansa. In ƙugiya ta kama shi ba ya sallamawa, ya yi sama ya yi ƙasa, yana girgiza kai don ya tofar da ita. Wannan kokawar suke biya wa kuɗi, ba naman ba, ko da yake naman fari ne kuma ana ci.

Uban da ke gadin gida

Ga wurin da muka fi jin daɗi. A watan Mayu zuwa Yuni, in ɗumin ruwa ya kai kamar digiri 15 zuwa 18, namijin bas yakan zo wuri marar zurfi ya share tsakuwa da wutsiyarsa, ya yi gurbi kamar faranti. Macen ta zo ta zuba ƙwai dubbai, ta yi tafiyarta. Namijin ne ke zama. Shi ke yi wa ƙwan fifita da fiffikensa, shi ke korar duk abin da ya matso, kuma bayan an ƙyanƙyashe yana tsare ƴaƴan har su watse. Yakan yi makonni a haka, cinsa kaɗan. Da muka karanta wa mata wannan, wata ta ce, "To, a kai mazanmu makaranta wurin kifin nan mana!"

Sai dai wannan kirkin nasa shi ne rauninsa. Tunda duk abin da ya kusanci gurbi yana kai masa hari, kama shi a lokacin ba wuya. In kuwa aka ɗauke shi, gida ya zama na kowa. A shekarar 1990 aka fara ganin wani ɗan kifi baƙo mai suna gobi a kogin Sen Kila, wanda ke cikin jerin ruwayen da suka haɗa tabkin Huron da na Iri. Daga yankin tekun Bahar Aswad da na Kasfiyan ya zo, cikin ruwan da manyan jiragen kaya ke ɗiba don daidaita nauyinsu. Ya yaɗu ko'ina, kuma gwanin cin ƙwai ne. Mai fatsa na cire uban daga gurbi, su gobi sai su afka wa ƙwan, ko da za a mayar da shi bayan ƴan mintoci. Abin mamaki, shi ma bas in ya girma gobi yake ci, har aka lura bas na tabkin Iri sun ƙara saurin girma tun zuwan baƙon.

Dokar da ta tsare kifin

To, kun ga inda doka ta shigo. A jihar Niyok, a mafi yawan ruwaye, ba a tafiya da bas gida sai daga 15 ga Yuni zuwa ƙarshen Nuwamba, wato bayan an gama renon ƙwai. Ko a lokacin, sai wanda tsawonsa ya kai kimanin santimita 30, kuma kada ya wuce biyar a yini. Wannan ne ya sa muka ga uban yarinyar yana gwada kifi. A jihohi da yawa kuma an hana sayar da bas ɗin da aka kamo daga tabki, saboda haka ba ya shiga kasuwa.

Dalilin awon shi ne jinkirin girmansa. A ruwan arewa mai sanyi, bas kan yi shekara huɗu ko biyar kafin ya kai santimita 30, wanda ya kai rabin mita kuwa sau da yawa ya haura shekara goma. Wanda ya soya irin wannan ya cinye shekara goma a zama ɗaya, kuma manyan mata su ne masu zuba ƙwai da yawa.

Yawanci baligin da zai yi fatsa sai ya sayi takardar izini, kuɗin kuma yana tafiya ga ma'aikatar da ke kula da kifi. Tun 1950 akwai dokar ƙasa da ta ɗora haraji a kan kayan fatsa, kashi goma cikin ɗari a kan yawancinsu, ana raba kuɗin ga jihohi don gyaran ruwaye da ƙidayar kifi. Wato mai cin moriyar tabki shi ke zubin kula da shi.

Al'adar sakin kifi kuwa ba da ita aka fara ba. A da, wanda ya fi tara gawar kifi shi ne gwani. Wani mutumin jihar Alabama mai suna Ray Scott, wanda ya fara shirya gasar kamun bas a 1967, shi ne a 1972 ya sa aka fara mayar da kifin gasa da ransu. Aka riƙa sa akwatin ruwa a cikin jirage don kifi ya rayu har a auna shi. A hankali sauran jama'a suka ɗauka, har ya zama yau da yawansu ko doka ta ba su biyar, ba sa ɗaukar ko ɗaya. Masu otel, masu sayar da mai, masu hayar jirgi da masu yi wa baƙi jagora a ruwa duk suna ci daga kifi ɗaya da za a kama bana, a sake kama shi baɗi.

Ba duka ne zuma ba

Kada mu yi musu yabon da ya wuce kima. Ba duk kifin da aka saki ke rayuwa ba. A tsakiyar zafi, wanda aka daɗe ana ja ko aka riƙe a iska ana hoto yakan mutu daga baya. Wanda aka fizgo daga zurfi da sauri, jakar iskar cikinsa takan kumbura ya kasa komawa ƙasa. Akwai kuma wani dalilin da ba na tausayi ba: masana'antu sun daɗe suna zuba guba a wasu ruwayen, gubar tana taruwa a jikin manyan kifi, har hukuma na gargaɗin mata masu ciki da ƙananan yara su rage cin kifin wasu wurare.

Shi kansa bas, inda aka kai shi baƙunta ya zama annoba. A Afirka ta Kudu, da aka zuba shi a kogunan yankin Kef, ya cinye ƙananan kifin asali na wurin. A Japan ma doka ta sa shi cikin baƙin halittu masu ɓarna. Ba kowane kifi ake zubawa a kowane ruwa ba.

Sannan gaskiyar uwarmu mai banda tana nan. Mai mayar da kifi ruwa ya san tukunyar gidansa tana kan wuta. Masuncin Madarunfa, na Tabalak ko na Gidimuni ba wasa ya fita yi ba, abincin iyali da kuɗin magani ya fita nema, kuma ba wanda zai ce masa ya saki abin da ya kama.

Abin da ya rage mana

Duk da haka, a taron da ya biyo baya ita wannan uwar tamu ce ta fara magana. Ta ce ita ba ta yarda da zubar da babban kifi ba har gobe, amma maganar ƙwai da ƙanana ta shige ta. Ta tuna mana cewa karfasarmu ma tana reno: macen a baki take ɗauke da ƙwanta har su ƙyanƙyashe, kuma duk mai gyaran kifi ta taɓa buɗe bakin karfasa ta tarar da su. Ta ce sau nawa ake kawo mata ƴan mitsi-mitsin da aka tace da sange ko da taru mai ƙananan ido, ta saya don arha, alhali da an bar su wata huɗu da sun cika hannu.

Mu da muka san bambancin uwar kuɗi da riba, wannan lissafin ba baƙo ba ne a wurinmu. Mu ne masu saye a bakin ruwa, kuma abin da muka ƙi saye ba za a daɗe ana kamo shi ba. Ƙungiyarmu ta yanke cewa masu sana'ar kifi a cikinmu za su zauna su tsayar da awo ɗaya, da tafin hannu, wanda ƙasa da shi ba za su karɓa ba, sannan su kai maganar ga sarkin ruwa da masunta don a ji ta bakinsu. Ba mu san ko za ta karɓu ba, domin in mu mun ƙi, wata tana iya saye. Shi ya sa muke roƙon ƙungiyoyin da ke kusa da tabki su tattauna wannan a taronsu, su aiko mana da abin da suka gani: wane wata kifinku ke ƙwai, kuma girman wanda ake kawo muku yau ɗaya ne da na shekara goma baya?

Sai mun ji daga gare ku. A gaida mutanen gida.