Shin Ko Kun San? Rijiyar Bakin Kogi Ba Ko'ina Ake Haƙa Ta Ba

Shin ko kun san cewa ramin da mata ke tonawa a yashin kogi da rani, su tsaya ruwa ya taru garau su kwasa da ƙwarya, da dabararsa ake shayar da manyan birane? Ana jera rijiyoyi a gaɓar kogi a riƙa zuƙo ruwa da inji. Ruwan kogin sai ya ratso yashi da tsakuwa, ya baro laka da yawancin ƙwayoyin cuta a hanya.

Shin ko kun san cewa birnin Dusseldorf na Jamus yana shan ruwan kogin Rhine ta wannan hanya tun 1870? Budapest ta ƙasar Hangari ma, kusan duk ruwan famfonta daga ɗaruruwan rijiyoyin gaɓar Danube yake fitowa.

Shin ko kun san cewa ganin kogi a kusa ba ya nufin rijiya za ta yi albarka? Abin da ke kwance a ƙarƙashi ake dubawa. Yashi mai kaushi da tsakuwa su ne abin nema, don ruwa na ratsa su a sauƙaƙe. Yumɓu kuwa yana shan ruwa ya riƙe, ba ya saki. Sai ka ga rijiyar da ke dab da ruwa ta ƙafe, wadda ke can baya a kan tsohuwar hanyar kogi tana tumbatsa.

Shin ko kun san cewa yumɓun ma yana da ranarsa? Idan ya shimfiɗu a sama, yashi na ƙasa, ya zama murfi mai tare ƙazantar da ke tsiyayowa daga doron ƙasa. Idan kuwa ya toshe gindin kogin, ya raba rijiya da kogi ke nan. Shi ya sa masana suka fi son inda ruwa ke gudu yana wanke gindinsa, a kan inda ya kwanta taɓo na taruwa.

Shin ko kun san cewa kafin a kafa injin haƙa ana iya leƙa cikin ƙasa da lantarki? Ana kakkafa sandunan ƙarfe a jere, a tura wuta, a auna yadda ƙasa ke tare ta. Yumɓu ba ya tare wuta sosai, yashi ya fi shi, dutse ya fi su duka. Bayan nan a haƙa ramin gwaji, a jera abin da ya fito mita bayan mita, a murza shi a tafin hannu.

Shin ko kun san cewa ana gwada rijiya da zuƙar ruwa ba tsayawa, sau da yawa awa 24 zuwa 72, ana auna saukar ruwan da saurin dawowarsa? Gwajin da ya fi faɗin gaskiya shi ne na ƙarshen rani, wajen Afrilu. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Shin ko kun san cewa tazara ma ma'auni ce? In rijiya ta matsi kogi, ruwa zai iso bai gama tacewa ba, ga barazanar ambaliya da zaizayar gaɓa. In ta yi nisa, kogin ba zai ciyar da ita ba. A Jamus ana killace kewayen rijiyar sha gwargwadon tafiyar kwana 50 ta ruwa a ƙarƙashin ƙasa, don ƙwayoyin cuta su mutu kafin su iso.

Shin ko kun san cewa yashi ba ya tace komai? Gishiri da wasu magungunan feshi da dagwalon majema suna iya wucewa. Ruwan da ya fito fes, ya kwana a bokiti ya koma ja, sinadarin ƙarfe ne ya yi masa yawa. A Bangladesh, miliyoyin rijiyoyin da aka haƙa don gudun gurɓataccen ruwan tafki, a 1993 aka gano gubar asanik a wasunsu, daga lakar kogunan ƙasar take fitowa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Shin ko kun san cewa rijiyar fadama tana cin arzikin ambaliya ne? Bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, malalar ruwa a dausayin Haɗeja da Nguru ta ragu, kuma ita ce ke cika rumbun ruwan ƙarƙashin ƙasa a yankin. Don haka mai zaɓar wurin rijiya sai ya tambayi abin da ke faruwa a saman kogi: akwai dam? Akwai masana'anta? Ina magudanar gari ke zuba?

Shin ko kun san cewa tsoffin manoman fadama sun san inda kogi ya taɓa bi, da inda ambaliyar bara ta tsaya, da rijiyar da ba ta taɓa ƙafewa ba? Duk al'ummar da za ta haɗa kuɗin burtsatse, ta zaunar da su da mai awo a tabarma ɗaya, a kai ruwan ɗakin gwaji, sannan a kira mai haƙa.