Shin Ƙwayar Seleniyam Tana Kare Mutum Daga Ciwon Daji?

Wani mai sauraronmu, manomi, ya rubuto yana cewa ana tallar wata ƙwaya a kasuwar garinsu, wai ita seleniyam, ana cewa rigakafin ciwon daji ce. Yana tambaya ko ya saya.

To Malam, mun gode da wasiƙarka. Shi seleniyam sinadari ne da ke cikin ƙasa. Wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Berzelius ya gano shi a 1817. Shuka ce ke zuƙo shi daga ƙasa, mu kuma mu same shi a hatsi, da kifi, da ƙwai, da nama, musamman hanta da ƙoda. Abin da baligi ke bukata a rana maikirogiram 55 ne kacal, wato giram ɗaya tak zai ishe ka kusan shekara 50.

Jiki yana sarrafa shi ya ƙera wasu furotin iri 25. Ka san yadda tsatsa ke cin fartanyar da aka bari a ruwa? To, haka wasu gurɓatattun abubuwa ke cin ƙwayoyin halittar jikinmu, idan ɓarnar ta taru kuwa tana iya zama mafarin ciwon daji. Aikin wasu daga cikin furotin ɗin nan shi ne kawar da wannan tsatsa. Rashin seleniyam illa ne. A gundumar Keshan ta ƙasar Sin, inda ƙasar noma ba ta da shi, ciwon zuciya ya hallaka yara da mata masu yawa. Ƙasar Finlan kuwa tun 1984 ta soma zuba shi cikin takin zamani.

Ganin haka ya sa masana suka yi zaton ƙarin seleniyam zai hana ciwon daji. Wani gwaji da aka bayyana a Amurka a 1996 ya ƙarfafa wannan zato. Sai aka shirya babban gwaji a 2001, da maza sama da 35,000, ana ba wasunsu maikirogiram 200 kullum don a ga ko zai kare su daga dajin furosteti, wato 'yar tsokar nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. A 2008 aka tsayar da ba da ƙwayar, don ba ta kare su ba. Kai, a 2014 ma aka gano cewa waɗanda dama jikinsu na da isasshen seleniyam, ƙarin ya jawo musu haɗarin kamuwa da mugun nau'in ciwon.

Me ya sa haka? Su furotin ɗin nan kamar kare ne mai gadi, duk wanda ya zauna a gidan shi yake tsaro. Kafin ciwo ya kama, lafiyayyun ƙwayoyi suke karewa. Idan ƙwayar daji ta riga ta tsiro, ita ma tana amfani da su ta kare kanta daga mutuwa, har daga wasu magungunan asibiti.

Sannan idan ya yi yawa guba ne. Gashi ya zube, farce ya kakkarye, numfashi ya riƙa warin tafarnuwa. Likitocin Amurka sun ce kada baligi ya wuce maikirogiram 400 a rana.

Saboda haka Malam, riƙe kuɗinka. Ka sai wa iyali kifi ko ƙwai da su, ya fi. Kada ka sha ƙwayar sai likita ya rubuta maka. In kuwa aka ga ƙullutu a nono, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ko jini a fitsari, ko fitsari na yi wa dattijo wuya, a garzaya asibiti tun da wuri, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Da fatan ka gamsu. Sai kuma mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu.