Gwafar Farfela: Ƙaramin Ƙarfe Mai Babban Aiki

Duk wanda ya san unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Chalawa da Bompai ya san ba a raba su da motoci masu jan ƙafa huɗu, irin su Land Rover, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, da Land Cruiser da Hilux na Japan. Su ne ke keta yashi da taɓo su ɗauko fatu da kayan gona daga ƙauyuka. Da yawansu sun tsufa, idan aksil ɗin baya ya lalace kuwa, akan nufi kasuwar Ƙofar Ruwa a sayo na hannu. Sai an zo ɗaurawa a tarar bakinsa bai dace da farfelar motar ba, wato dole a sauya ƙarfen da ke haɗa su.

Wannan ƙarfe kanikawa ke kira yok. Mu a nan za mu kira shi gwafa, domin siffarsa ke nan, baki biyu a gindi ɗaya. Gindin yana shiga kan finiyan, wato ƙaramin ƙarfe mai haƙora da ke juya babban faifan cikin aksil. Bakin biyu kuma suna riƙe kuros, ƙarfen nan mai hannu huɗu da ke ba farfela damar juyawa ko da a karkace take, kamar yadda wuyan hannun mutum yake lanƙwasa ta kowace fuska.

Abin sha'awa ga ɗalibin ilimin halittu shi ne, masanin da ya yi nazarin wannan gaɓa, Robert Hooke na Ingila, shi ne ya duba ɓawon itace da madubin ƙara girma, ya raɗa wa ƙwayar halitta suna a littafinsa na 1665. Hooke ya gano cewa idan gaɓar ta karkace, gudun da ke fita daga cikinta yakan ƙaru ya ragu a kowane juyi. Dalilin da ya sa ake sa kuros biyu a farfela ke nan, ɗaya ya gyara tangarɗar ɗaya, muddin gwafofin jikinta suna kan layi guda. A farkon ƙarni na 20 Clarence Spicer na Amurka ya fara ƙera ta domin motoci.

Kafin a sayi gwafa sai a ƙirga haƙoran cikin gindinta. Alal misali, finiyan na aksil ƙirar Dana 44 haƙora 26 gare shi, na Dana 60 kuwa 29. A auna faɗin bakinta da kuros ɗin motar. Haka kuma a tabbata lissafin juyin aksil na baya daidai yake da na gaba, domin idan suka saɓa, ƙafafun za su riƙa jayayya da juna da zarar an sa giyar ƙafa huɗu.

To, mai karatu, babban haɗarin yana ga notin da ke riƙe gwafar. Shi ne kuma yake matse boris biyu da finiyan ke juyawa a kansu, matsin kuwa yana da ƙa'ida. Gaɓar jikin ɗan Adam misali ce. Idan jijiyoyin da ke ɗaure ta suka saki, ƙashi yakan yi wasa, guringuntsi ya cinye. Idan suka ɗaure fiye da kima, motsi ya gagara. Haka boris yake. In ya yi sako-sako, haƙora su goce, aksil ya riƙa kuka. In ya matsu da yawa, ya ɗau zafi ya ƙone, wataƙila a tsakiyar daji da kaya a bayan mota.

Saboda haka bakanike mai lura yakan ɗaga motar ya cire tayoyi, ya auna ƙarfin da ake bukata a juya finiyan da ƙaramar sifana mai awo, ya rubuta. Daga nan ya riƙe gwafar, ya kwance noti, ya zaro ta da abin jawo ƙarfe, ban da bugu da guduma, domin bugu yana yi wa boris tabo. Ya sa sabuwar robar tare mai, ya shafa mata mai kaɗan, ya zura sabuwar gwafa, ya sa sabon noti. Sai ya riƙa ɗaurewa sannu a hankali yana aunawa, har awon ya koma inda yake ko ya ɗara kaɗan.

Wajibi ne a san cewa wasu aksil suna da wani zobe tsakanin boris biyun wanda ake matsewa ya lotsa. Idan ɗauri ya zarce, sassauta noti ba ya mayar da shi, sai an buɗe an sa sabo. Wasu kuma siraran faifan ƙarfe ne ke daidaita su, waɗannan sai a ɗaure bisa awon da kamfani ya tsara. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa, kuma injin iska da ake ɗaure noti da shi cikin ƙiftawar ido ya sha jawo wa masu mota asarar aksil ɗungurungum.

Daga ƙarshe a cika man aksil, a yi 'yar tafiya, a saurara ko akwai kuka ko karkarwa, sannan a duba ko akwai ɗigon mai, a kuma kai hannu kusa da wuyan aksil. Ɗumi ba laifi ba ne, amma idan zafin ya hana hannu zama, a koma gareji tun kafin a yi lodi.